Bango mai fuskar katako: wane insuleshan ya dace, kuma ta ina danshi zai fita?

Katako yana iya shan ruwan sama shekara da shekaru bai yi komai ba, muddin yana samun bushewa tsakanin ruwa da ruwa. Ƙwayoyin da ke ruɓar da itace ba sa kama shi sai danshinsa ya kai wajen kashi 28 zuwa 30 cikin ɗari kuma ya daɗe a haka, shi ya sa masu gini suka mai da kashi 19 zuwa 20 iyakar da ba sa so a haura. Wannan ma'aunin ya kamata mutum ya riƙe a ransa idan zai zaɓi insuleshan, wato abin da ake cusa wa bango ko a lulluɓe shi da shi don ya tare zafi da sanyi. Kowane insuleshan yana zuwa da lamba a jikin ƙunshinsa mai nuna ƙarfinsa wajen tare zafi. Yadda zai rage wa bango saurin bushewa kuwa ba a bugawa, alhali a bangon katako wannan ne ke raba ginin da zai tsufa lafiya da wanda zai ruɓe tun yana sabo.

Bangon da ake magana a kai yana da hawa-hawa. Daga waje akwai falankin fuska, wanda ido ke gani kuma ruwa ke duka. Bayansa akwai mayafin tare ruwa. Sai allon da ke rufe firam, filawud ko OSB, wato allon da aka matse daga ɓarɓashin katako. Sai ginshiƙan firam, galibi katakon 2x4 ko 2x6, da insuleshan a tsakaninsu. Daga ciki kuma allon jifsam da fentinsa. Kowane hawa yana da nasa zaɓin, kuma zaɓin ɗaya yana iya gyara ko ɓata na ɗayan.

An koyi wannan darasi da tsada. A Amurka, cikin shekarun 1930, da aka fara cusa insuleshan a gidajen katako, sai fenti ya riƙa ɓarewa daga falankin waje, har wasu masu fenti suka riƙa ƙin karɓar aikin irin waɗannan gidaje. Ruwa ba ya tsami banza. A da, zafin da ke tserewa daga ɗaki shi ke ɗumama falankin ya busar da shi. Da aka tare zafin, sai falankin ya zauna cikin sanyi da laima. Masu bincike irin su Larry Teesdale na cibiyar binciken kayan itace da ke Madison, da Frank Rowley na Jami'ar Minnesota, suka ɗora laifin a kan tururin da ke ratsa bango daga ciki, daga nan aka samo dokar shimfiɗa abin tare tururi ta ɓangaren ɗaki. Dokar ta yi rana a ƙasashe masu tsananin sanyi. Sai dai an kwashe ta an kai wuraren da ba nata ba, kuma an daɗe kafin a yarda cewa ratsawar tururi ita ce mafi ƙanƙanta cikin hanyoyin da ruwa ke shiga bango.

Babbar hanya ita ce ruwan sama. Babu falankin da ke tare shi gaba ɗaya. Iska tana tura shi ta mahaɗa, ta ramin ƙusa, ta gefen taga. Ƙungiyar ASHRAE ta injiniyoyin ɗumama da sanyaya gini, a ƙa'idarta mai lamba 160, ta ce a ɗauka kashi 1 cikin ɗari na ruwan da ya bugi bango zai wuce bayan fuskarsa. Hanyar da ke bin ruwan sama a girma ita ce iskar da ke zurara ta kafofi, tana ɗauke da danshi. Akwai lissafin da masana gini suka saba kawowa: a wuri mai sanyi, tsawon hunturu guda, tururin da zai ratsa jikin allon jifsam ɗaya bai wuce sulusin lita ba, amma idan aka huda allon rami mai inci ɗaya kowane gefe, iskar da za ta bi ramin za ta kai ruwa kusan lita 30 cikin bangon. Saboda haka wanda ya ɓata lokacinsa kan wace ledar tare tururi zai saya, ya bar gefen taga ba kwanon kauda ruwa, ya bar ramin soket a buɗe, ya fara aikin ne daga wutsiya.

A manna falanki, ko a bar masa rata?

Wannan zaɓin ya riga na insuleshan, kuma a ganina ya fi shi nauyi.

Hanya ta farko ita ce a buga falankin kai tsaye a kan mayafin ruwa. Ta fi sauri, ta fi arha, kuma gefen tagogi da ƙofofi ba ya ba kafinta wahala. Illarta ita ce ruwan da ya shiga bayan falanki ba shi da wurin zuwa. Yana maƙalewa tsakanin fuskoki biyu da suka haɗu, katakon yana tsotsarsa. Rana ta fito ta busar da gaban falankin, bayansa yana nan jiƙe, sai ya lanƙwashe, fenti ya kumbura ya fashe. Zafin ranar kuma yana mai da ruwan da falankin ya sha tururi, ya tura shi ciki zuwa allon firam. Akwai wata ƙaramar matsala da ba kowa ke lura da ita ba: wasu itatuwa, irin su sida, suna fitar da ruwa mai launin shayi, kuma wannan ruwan da sabulun wankin bango suna rage wa wasu mayafan roba ƙarfin korar ruwa. Duk da haka manna falanki ba laifi ba ne a ko'ina. Gida mai hawa ɗaya, mai dogon leɓen rufi, a wurin da ruwan sama ba shi da yawa, yana iya daɗewa a haka lafiya lau.

Hanya ta biyu ita ce a jera siraran katako a tsaye a kan mayafin, a ɗaure su da ginshiƙan firam, sannan a buga falankin a kansu. Sai a sami rata a baya, buɗe ta ƙasa da ta sama, an sa mata raga don ƙwari. Ruwan da ya shiga ya gangara ya fita, iska kuma ta riƙa bi tana busar da bayan falankin da allon firam a tare. Dabarar tsohuwa ce a gine-ginen katako na Norway, kuma Kirby Garden na hukumar bincike ta Kanada ya bayyana hikimarta a rubuce a 1963. Amma sai da aka yi asara kafin ta zama doka. Daga shekarun 1980 zuwa na 1990 an gina ɗimbin gidaje a yankin Vancouver mai yawan ruwa, da bango liƙaƙƙe ba rata, ba leɓen rufi, suka ruɓe daga ciki, har aka kafa kwamitin Barrett a 1998 don ya bincika. Niyu Zilan ta sha irin wannan, rahoton Hunn na 2002 ya fito da girman abin. Yawancin waɗancan gidaje filasta ce a fuskarsu ba falanki ba, amma firam ɗinsu katako ne kuma ciwon ɗaya ne. Dokar gini ta Kanada ta 2005 ta wajabta ratar milimita 10 a yankuna masu yawan ruwa, Niyu Zilan ta tsaya a kan 20 ga bangon da ke cikin haɗari, a Birtaniya kuma masana katako suna ba da shawarar aƙalla 21.

Girman ratar yana da ma'ana. Milimita 1 zuwa 3, irin wadda mayafai masu gurzajjen jiki ke bayarwa, tana barin ruwa ya gangara amma iska ba ta yawo sosai. Daga 10 zuwa sama ana samun gangarowa da bushewa duka. Yawancin kafintoci suna amfani da katako mai kaurin milimita 19 don shi ke hannu, kuma ya wadatar. Idan falankin a tsaye za a jera shi, sirarin katakon da zai ɗauke shi dole ya kwanta, kuma kwantaccen katako yana tare ruwan da ke gangarowa. Mafita ita ce a fara da jeri a tsaye sannan a ɗora na kwance a kai.

Ratar tana da nata farashin. Bango yana ƙara kauri, sai an faɗaɗa gefen tagogi. Idan gobara ta tashi, ratar tana iya jan wuta sama, don haka a dogayen gine-gine ana sa mata abin datse wuta a kowane hawa, a wuraren gobarar daji kuma ragar ƙarfe mai ido bai fi milimita 3 ba. Da duk wannan, idan aka ce in zaɓi abu ɗaya tak da zan ƙara wa bangon katako, ratar zan zaɓa kafin kowane insuleshan mai tsada.

Ko da rata ko babu, akwai abubuwan da ba a sassauta musu. A shafa wa falanki fentin farko gaba da baya da gefuna kafin a buga shi, musamman bakin da aka yanka, don ta nan katako ya fi shan ruwa. A yi amfani da ƙusar da ba ta tsatsa. A ɗaga falankin ƙarshe daga ƙasa aƙalla milimita 150, wasu ƙasashen ma 200 suke nema. Kada kuma a cike ƙasan mahaɗar falanki da silikon don neman kyau, ta nan ruwa ke fita.

Shi kansa mayafin, tsakanin takardar kwalta ta dā da na roba irin su Tyvek, bambancin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Ana auna yadda abu ke barin tururi ya wuce da ma'aunin da ake kira fam (perm a Turance): ƙasa da 0.1 ya toshe ke nan, tsakanin 0.1 da 1 yana tarewa sosai, 1 zuwa 10 yana ragewa, sama da 10 a buɗe yake. Mayafin roba yakan kai fam 50, ba ya yagewa da sauƙi, kuma idan an liƙe mahaɗarsa da tef yana tare iska. Takardar kwalta tana kusa da fam 5 idan ta bushe, ta buɗe sosai idan ta jiƙe, tana kuma ɗan shan ruwa ta sake shi daga baya, amma ba ta tare iska. Wanda zai manna falanki kai tsaye, takardar kwalta ta fi yi masa haƙuri. Wanda ya bar rata ya ɗauki wanda ya samu, ya mai da hankali ga jera shi na sama bisa na ƙasa.

Abin da za a cusa tsakanin ginshiƙai

Lambar R ita ce ƙarfin tare zafi, kuma a nan ana ba da ita a kan kaurin inci ɗaya, wato milimita 25.

Audugar gilashi ita ce mafi arha kuma mafi samuwa, tana ba da R-3 zuwa kusa da R-4. Ba ta ruɓewa, ba ta riƙe ruwa, tururi yana ratsa ta ba shamaki. Amma iska ma haka take ratsa ta, kuma aikinta yana hannun mai sa ta: idan aka danne ta bayan waya, aka bar gibi a kusurwa, lambar da ke jikin ƙunshi ta zama labari. Audugar dutse tana kusa da R-4, ta fi tauri don haka ta fi zama daram a wurinta, tana korar ruwa, kuma ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 1,000. Ta fi tsada, amma a bangon da katako ne ciki da waje, wannan juriyar wuta ba ƙaramin abu ba ce.

Selulos, wato niƙaƙƙiyar takarda da aka haɗa da sinadarin boret don wuta da ƙwari, tana ba da wajen R-3.5 zuwa R-3.8. Idan aka hura ta da ƙarfi har ta kai kusan kilo 55 a kowace mita kubik, tana cike kowane lungu, ba ta zaunewa, tana kuma rage zurarar iska ƙwarai. Halinta da danshi shi ne abin dubawa. Tana shan danshi kaɗan-kaɗan ta rarraba shi, maimakon ta bar shi ya taru wuri ɗaya a jikin allon firam, sannan ta sake shi idan yanayi ya bushe. Wannan alheri ne ga danshin iska. Ga yoyon ruwan sama kuwa sharri ne, don za ta sha ta riƙe ta jiƙa katakon da ke jikinta, maigida bai sani ba. Selulos a bayan falanki mai rata da tagogi masu kwanon kirki zaɓi ne mai kyau. A bangon da ke yoyo, ita ce mafi muni.

Sai kumfar feshi, iri biyu. Mai buɗaɗɗen ƙwaya tana ba da wajen R-3.6, tana tare iska amma tururi yana wuce ta. Mai rufaffen ƙwaya tana kai R-6 zuwa R-7, tana tare iska, kuma kaurin milimita 50 ya isa ya sauko da ita ƙasa da fam 1. Ita ce zakara a lamba, kuma a firam siriri na 2x4 tana ba da abin da sauran ba za su iya ba. Sai dai tana manne wa allon firam ta rufe masa hanyar bushewa ta ciki, don haka duk ruwan da ya same shi sai dai ya fita ta waje. Idan ta waje ma falanki a manne yake, an kulle ƙofa biyu ke nan. Ƙari a kan haka, tana ci da wuta don haka dole a rufe ta da allon jifsam, tana ɓoye yoyo, kuma ranar da za a gyara bango cire ta aiki ne ja. Ban ga dalilin biyan kuɗinta a sabon gini ba, tunda tef da gam a mahaɗar allon firam suna tare iska da araha.

Duk waɗannan suna da rauni guda. Ginshiƙai da katakon saman taga da na kusurwa suna cin kusan rubu'in faɗin bango, kuma katako R-1.25 kawai yake bayarwa a inci. Bangon 2x6 da aka cusa wa R-20, wato jimillar kaurin insuleshan ɗin gaba ɗaya, idan aka haɗa lissafin duka, wajen R-16 yake tsayawa. Allon firam kuma yana can waje da insuleshan, cikin sanyi, inda raɓa ke sauka.

Lulluɓe firam ta waje: allon kumfa ko audugar dutse?

Maganin wancan rauni shi ne a sa wani insuleshan ta waje, a kan allon firam, ya rufe ginshiƙan duka. A nan ne zaɓin ya fi buƙatar natsuwa, don kuskure a nan ya fi rashin yin komai illa.

Ɗauki misali. Ɗaki yana digiri 21, danshin iskarsa kashi 40 cikin ɗari. Irin wannan iska tana zubar da raɓa a kan duk abin da sanyinsa ya kai wajen digiri 7. A waje ana digiri 0. Idan R-20 ce tsakanin ginshiƙai kuma babu komai ta waje, allon firam yana wajen digiri 1, duk iskar ɗakin da ta kai gare shi za ta jiƙa shi. Ceton da yake da shi kawai shi ne yana iya bushewa ta waje. A ɗora masa allon kumfa na R-5: yanzu kashi ɗaya cikin biyar na insuleshan yana waje, allon ya hau zuwa wajen digiri 4. Har yanzu raɓa tana sauka, ga shi kuma an toshe masa hanyar bushewa. An gudu ba a tsira ba. A mai da kumfar R-10: sulusi yana waje, allon ya kai digiri 7, raɓa ta daina sauka. Ashe da allon kumfa, siririn ya fi mai kauri haɗari.

Kundin dokar gina gidaje da yawancin jihohin Amurka ke bi ya mai da wannan lissafi jadawali bisa shiyyoyin yanayi, inda babbar lamba ke nufin ƙarin sanyi. Ga bangon 2x6 da fenti kawai ke rage masa tururi ta ciki, yana neman R-7.5 ta waje a shiyyar yanayi ta 5, R-11.25 a ta 6, R-15 a ta 7. Ga 2x4, R-5 da R-7.5 da R-10. Wanda ba ya Amurka ba lambobin zai kwafa ba, hikimar zai ɗauka: gwargwadon tsananin hunturu, gwargwadon kason da dole ya koma waje, kuma duk lokacin da aka ƙara na ciki sai an ƙara na waje.

Allunan kumfa uku ne a kasuwa. EPS, farar nan mai ƙwaya-ƙwaya, tana wajen R-4, ita ce mafi arha kuma mafi barin tururi ya wuce, fam 2 zuwa 5 a inci ɗaya. XPS tana R-5, wajen fam 1 a inci. Foliso tana kusa da R-6, ita ce mafi ƙarfi a takarda, amma ƙarfinta yana raguwa idan sanyi ya yi tsanani, kuma mai fuskar alminiyam ba ta barin tururi ko kaɗan. Dukkansu ba su da nauyi, suna yankuwa da wuƙa, ba sa dannuwa a ƙarƙashin sukuru. Dukkansu kuma suna ci da wuta, kuma gara tana haƙa hanya a cikinsu ta hau zuwa katako ba a gan ta ba. Ba cin kumfar take yi ba, mafaka take samu. Inda gara ta yi yawa, dole a bar tazara a fili tsakanin ƙasa da gindin kumfar don a riƙa dubawa.

Allon audugar dutse yana ba da wajen R-4, don haka sai an ƙara kauri kafin a kamo kumfa. Yana da nauyi, yana sa ƙaiƙayi, kuma yana ɗan dannuwa, sai kafinta ya ja zare yana daidaita sukurori kafin siraran katakon su miƙe, in ba haka ba falanki zai fito da tudu da kwari. Amma a buɗe yake ga tururi, wajen fam 30. Ma'anar wannan babba ce: ko kaurin bai kai lissafi ba, allon firam ya ɗan ɗumama kuma hanyar bushewarsa tana nan. Ba ya ci da wuta, gara ba ta da abin yi da shi. Allon zaren itace, wanda aka fi sani a Jamus da maƙwabtanta, yana da irin wannan buɗewar, yana kuma jinkirta shigowar zafin rana saboda nauyinsa, sai dai itace ne, yana ci da wuta kuma ba ya son daɗewa a jiƙe.

Hukuncina shi ne, wanda yake da ƙwararren magini da zai yi lissafi ya kuma tsaya a kai, allon kumfa mai isasshen kauri zai ba shi bango mai ɗumi da kuɗi kaɗan. Wanda bai tabbata da lissafin ko da hannun ma'aikatansa ba, ya ɗauki audugar dutse, don ita tana yafe kuskure. Kowanne aka ɗauka, ba a buga falankin katako kai tsaye a kan kumfa. Siraran katako ne za su ɗauke shi, da dogayen sukurorin da suka ratsa insuleshan suka shiga ginshiƙi aƙalla milimita 30 zuwa 40.

Leda ta ciki: ga wa ta dace?

Tururi yana tafiya ne daga ɗumi zuwa sanyi, don haka amsar tana bin yanayin wuri. Inda hunturu yake da tsawo da tsanani kuma ba a cika kunna na'urar sanyaya ɗaki ba, tururi daga ciki yake fita kusan duk shekara, kuma leda a bayan allon jifsam, mai wajen fam 0.06, tana aikinta. Sharaɗin shi ne ta waje a buɗe take. Leda ta ciki da kumfa mai fuskar alminiyam ta waje kamar a naɗe jiƙaƙƙen tufafi ne a leda a ajiye.

Inda ake zafi da laima, abin juyawa yake. Iskar waje mai digiri 32 da danshi kashi 70 tana zubar da raɓa a wajen digiri 26. Idan na'ura ta sanyaya ɗaki zuwa 23, bayan allon jifsam ya zama wurin saukar raɓa. Leda a nan, ko takardar ado ta roba a jikin bango, ko fentin mai mai kauri, suna tare danshin a daidai inda zai yi fumfuna. A irin wannan wuri a bar cikin a buɗe, jifsam da fentin ruwa kawai, a tare iska da tururi ta waje. Abin sha'awa, a nan kumfa ta waje ba ta da matsalar kauri, don ita ce ke tare tururin tun daga ƙofa. Inda ake zafi busasshe kuwa, tururi ba abin damuwa ba ne. Inuwa da leɓen rufi da ratar da ke fitar da zafin falanki sun fi amfani.

Wuraren da ke da hunturu na gaske da bazara mai laima su ne masu wuya, don tururin yana fita rabin shekara ya shigo rabi. Don su aka ƙirƙiro mayafin da ke sauya hali, wanda Hartwig Künzel na cibiyar Fraunhofer a Jamus ya yi aiki a kansa cikin shekarun 1990, ake kuma sayar da irinsa da sunaye kamar MemBrain da Intello. Idan bango ya bushe yana tsayawa ƙasa da fam 1, idan danshi ya taru ya buɗe ya haura 10. Ya fi leda tsada, amma a irin wannan yanayi kwalliya tana biyan kuɗin sabulu.

Tsohon gida

Akwai tsofaffin gidajen da falankinsu a jikin ginshiƙai aka buga shi, babu allon firam, babu mayafi. Sun daɗe ne saboda iska da zafi suna ratsa su suna busar da duk abin da ya jiƙe. A huda irin wannan bango a hura masa insuleshan, to an maimaita abin da ya faru a shekarun 1930, ga shi kuma yanzu insuleshan ɗin yana taɓa bayan falanki yana shan ruwan sama.

Hanya biyu ce mai lafiya. Idan falankin ya gaji, a cire shi, a sa allon firam da mayafi da insuleshan ta waje da rata, a mayar da shi ko a sa sabo. Wannan ita ce mafi inganci kuma mafi tsada. Idan falankin yana da kyau kuma cikin ɗakin ne za a fasa, a yi ratar daga ciki: a buga siraran katako a gefen kowane ginshiƙi, a ɗora allo mai tauri a kansu ya bar wajen milimita 20 tsakaninsa da bayan falanki, a liƙe gefunansa, sannan a cusa insuleshan. Idan duka biyun sun fi ƙarfin aljihu, gara a bar bangon yadda yake, a kai kuɗin saman silin da toshe kafofin iska, inda ribar ta fi yawa kuma haɗarin ya fi kaɗan. Kafin a taɓa komai a duba tsofaffin wayoyin lantarki, don wasu ba a yi su don a binne su cikin insuleshan ba, a kuma gwada tsohon fentin ko yana da dalma kafin a kankare shi. A soka na'urar auna danshi a falankin ƙasa da ƙarƙashin tagogi bayan an yi ruwa da kwana biyu ko uku. Duk inda ta nuna sama da 20, a nemo yoyon a gyara shi tukuna.